Raina Kama Ka Ga Gayya: Amsa Ga Mai Yi Wa Ƙamus Ɗin Kwamera Dariya

Ba ɗabi'ata ba ce in ɗauki alƙalami don in mai da martani ga maganar da aka yi a zaure aka watse, amma abin da ya faru a taron ƙungiyarmu na ƙarshen zangon da ya wuce ya tsaya mini a maƙoshi, kuma na ga in ban fitar da shi ba, to na ci amanar karatun da ya kawo ni jami'a.

Waɗanda suka halarta za su tuna cewa wani malaminmu ya nuna mana ƙamus mai magana na harshen Kwamera a intanet. Watau ka taɓa kalma sai ka ji muryar mai harshen yana faɗinta, ga hoton ganyen ko kifin ko tsuntsun, ga kuma bayanin abin da ake yi da shi. Malam bai gama rufe baki ba sai wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce da lokaci. Wai yaren mutanen da ba za su cika filin ƙwallo ba, me zai sa a zauna ana tara masa sunayen ciyayi? Wai masana kimiyya sun riga sun raɗa wa kowane tsiro suna da harshen Latin, saboda haka gara mutanen su koyi Turanci su huta. Aka yi dariya, aka tafa masa. To wallahi tafin nan ya fi maganar yi mini zafi, domin daga hannun ɗaliban harshe ya fito.

Kafin in ba shi amsa, bari mu san mutanen da muka yi wa dariya. Kwamera harshe ne na kudu maso gabashin tsibirin Tanna, a ƙasar Vanuatu, can cikin Tekun Fasifik, gabas da Ostareliya. Ingila da Faransa sun yi wa ƙasar mulkin haɗin gwiwa tun daga 1906 har ta sami 'yancin kai a 1980. Mutanenta kimanin 300,000 ne a ƙidayar 2020, amma masana sun lissafa mata harsuna 138. Masu magana da Kwamera kuwa an kiyasta su 3,500 a shekarar 2001. Sunan Kwamera ma na wani wuri ne a bakin teku inda 'yan mishan suka zauna. Su masu harshen Nafe suke ce masa, daga kalmarsu ta tambaya mai ma'anar "me?". A 1986 wani masani ɗan Amurka, Lamont Lindstrom, wanda ya zauna cikinsu, ya buga ƙamus na Kwamera da Turanci. Daga baya masanan tsirrai na New York da masanan harshe suka haɗa kai da ma'aikatar gandun daji ta Vanuatu da dattawan ƙauyuka, suka bi lardin Tafea suna ɗaukar ganye da sunansa da amfaninsa. Abin da malam ya nuna mana ke nan.

Abu na farko da zan kama ɗan'uwan nan da shi, kalmar "yare". Mun saba mu kira namu harshe, mu kira na wanda ba mu ji yare, kamar dai Allah ya halicci wasu da cikakken baki wasu da rabi. Ina so ya nuna mini littafin nahawu ɗaya da aka karantar da mu a wannan jami'a wanda ya ce ana auna harshe da yawan masu shi. Allura ƙarama ce, amma ƙarfe ce. Mutum 3,500 da suka daɗe a kan ƙasa ɗaya, kaka da kakanni, suna noma ta, suna su a tekunta, suna magani da saiwoyinta, sun san wannan ƙasa fiye da mutum miliyan ɗari da ba su taɓa taka ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alal misali, ku dubi yadda tsibirin kansa ya sami suna. A 1774 Kyaftin James Cook ya tsaya da jirginsa a wata mashiga ta wannan yanki, ya tambayi sunan wurin, aka ce masa tana. Ya rubuta Tanna a taswira, har yau kuma haka duniya take kiransa. Alhali tana a harshen Kwamera ƙasa ke nan, wadda ake takawa. Ga baƙo mai jirgi da bindiga da alƙalami, ya ji kalma ɗaya bai fahimce ta ba, kuskurensa ya zama ilmi shekara 250. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibi ya yi hattara kafin ya ce ilmin baƙo ya wadatar.

Abu na biyu, ɗan'uwan ya ɗauka suna lamba ce kawai da ake liƙa wa abu, in an cire ta a liƙa wata ba a yi asarar komai ba. To mu duba. A Kwamera ana ce wa gwaza nere, kwakwa napuei, alade pukah, kifi namu, tsuntsu menu. In a nan aka tsaya, da sai in ce yana da 'yar gaskiya. Amma doya sunanta nuk, kuma nuk ɗin nan ita ce shekara. Mutumin da ya ce doya ya ce shekara, domin daga sharar gona zuwa shuka zuwa cin sabuwar doya, a kan wannan ne lissafin zamansu yake juyawa. Ka ba shi kalmar Turanci ta doya da ta shekara, ka ba shi kalmomi biyu, amma ka tsinke igiyar da ta ɗaure su.

Har wa yau, manomin waɗannan tsibirai ba takardar kalanda yake dubawa ba. A wurare da yawa na Vanuatu, in wani itace ɗan'uwan minjiryarmu ya fitar da jan furensa, to lokacin aikin doya ya yi. Binciken da aka buga a 2023 ya tara tsirrai fiye da 100 a kudancin ƙasar waɗanda mutane suke gane lokaci da su: wannan in ya yi fure a shiga gona, wancan in ya yi 'ya'ya a nemi wani abu a teku. A Tanna akwai mutumin da ake kira tupunus, wanda ya gaji kula da wani amfanin gona ko ruwan sama ko iska, kuma shi ake saurare kafin a fara shuka ko a taɓa sabon amfani. Ko mutum bai yarda da duwatsun tsafin da yake ajiyewa ba, ni ma ban yarda da su ba, dole ya yarda cewa mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana lura da gajimare da ganye. Yaron da bai san sunan itacen ba, ta yaya za a ce masa ya je ya duba ko ya yi fure?

Abu na uku shi ne maganar Latin, wadda ita ce ta fi jawo tafi. Akwai wani tsiro da ake kira kava, a Kwamera nikava, wanda ake tauna ko a daka saiwarsa, a tace da ruwa, maza su sha da almuru a dandalin da suke kira imwarim, galibi a ƙarƙashin wani ƙaton itace ɗan'uwan ceɗiya. A nan ake sasanta rigima, a nan ake yanke shawarar gari. Ba tallar shansa nake yi ba, hujja nake nema. Sunansa na Latin ɗaya ne tak, Piper methysticum. Amma manoman Vanuatu sun rarrabe irinsa wajen 80, kowane da sunansa, domin tsiron ba ya yin iri, reshe ake yanka a dasa, kuma manomi ne yake zaɓen wanda zai dasa. Sun san wanda ake sha kullum a tashi garau, sun san wanda yake kwantar da mutum kwana biyu. A 2002, shekarar da Jamus ta hana sayar da magungunan kava saboda tsoron cutar hanta, Vanuatu ta yi dokar da ta bambanta iri mai kyau da wanda ba a yarda a fitar don sha ba. Da wane suna dokar ta jera su? Da sunayen da manoma suka raɗa, irin su borogu na tsibirin Pentecost da pia na Tanna. Latin ba shi da abin cewa a nan, domin a wurinsa duk abu ɗaya ne. Ashe ke nan sunan da aka yi wa dariya a zaurenmu shi majalisar ƙasa ta jingina da shi don ta tsare cinikinta.

Abu na huɗu, ranar wuya. A watan Maris na 2015 guguwar teku da aka sa wa suna Pam ta bi ta kan Tanna, ta kwashe rufin gidaje, ta kwantar da gonaki. Mutane da yawa sun fake a ɗakunan gargajiya gajeru, masu rufi har ƙasa, waɗanda aka ɗaure da igiyoyin daji. Gina irin wannan ɗaki sai wanda ya san wane itace ne ba ya karyewa, wace igiya ce ba ta tsinkewa. Bayan iska ta lafa kuma, kafin jirgin agaji ya iso, sai wanda ya san wace doyar daji ake ci kai tsaye, wace ce sai an jiƙa an wanke ɗacinta. Duk wannan sani da suna ake miƙa shi daga tsoho zuwa yaro. Ina so ɗan'uwana ya gaya mini, a daren nan, da wanda ya haddace Latin da tsohuwar da ta san sunayen ciyayi, wa zai bi?

To, don kada a ce na yi son kai, akwai inda nake ba shi gaskiya. Yaron Tanna yana bukatar Bislama, watau Turancin buroka na ƙasar wanda tsarin mulki ya mai da shi harshen ƙasa, yana kuma bukatar Turanci ko Faransanci don makaranta da aiki. Babu mai hankalin da zai hana shi. Amma wa ya ce sai an zubar da na hannu kafin a karɓi wani? Mutanen Tanna sun daɗe suna jin harsunan maƙwabtansu ba tare da sun yar da nasu ba, kuma tsarin mulkin nan da ya ɗaukaka Bislama shi ne ya ɗora wa gwamnati kare harsunan gida.

Haka nan ba na cewa ƙamus shi ne ceto. An fara rubuta Kwamera tun tuni. William Watt, ɗan mishan daga Sikotlan, ya sauka a can a 1869, kuma a 1890 aka buga Sabon Alkawari cikin harshen. Amma a farkon ƙarni na 20 kotunan da mishan ta goya wa baya suka hana shan kava da raye-rayen gargajiya, har wajen 1940 mutane da yawa suka juya baya suka koma ga al'adarsu a ƙarƙashin sunan John Frum. Darasin a fili yake: ana iya rubuta kalmomin mutane da hannun dama, ana rushe wurin da kalmomin suke rayuwa da hannun hagu. Kalmar da ke cikin kwamfuta a New York, in ba a faɗinta a gona, ta zama kamar hatsin da aka kulle a rumbu aka jefar da makulli.

Akwai kuma wani abin da masu tara kalmomi ya wajaba su kiyaye. A Tanna sani yana da mai shi. Sunan mutum kansa gado ne, yana tafe da haƙƙin gona da matsayi. Haɗin magani na wani gida ne, kuma kunkurun teku, iaku, ba kowa ke da ikon dafa shi ya raba ba. Saboda haka mai bincike da ya zo da na'urar ɗaukar murya baƙo ne, abin da aka ba shi zai ɗauka, abin da aka hana shi ya bari. Da ɗan'uwanmu ya tashi ya tambaya ko an nemi izinin masu ilmin, ko kuma me ya koma musu, da ni ne zan fara tafa masa. Wannan ita ce tambayar ɗalibi. Shi kuwa sai ya tambayi ko mutanen sun isa a saurare su.

Daga ƙarshe ina roƙon ɗan'uwan nan alfarma ɗaya. Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, kuma a lokacin ba a rasa waɗanda suka ga aikin banza yake yi ba, don a ganinsu mu ne masu yaren. Ya fito daga ɗakin kwanansa da safe, ya taka zuwa laburare, ya gaya mini sunan ciyawa goma da ya wuce da amfanin kowace. In ya iya, zan tsaya a gaban ƙungiya in ba shi haƙuri. In kuwa ya kasa, to ya san cewa tsohuwar da ke bakin teku a Tanna, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta fi shi sanin ƙasar da take takawa, kuma ya ci bashin neman gafararta ko da ba za ta taɓa ji ba.

Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk mai ja da ni. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya raba mu da girman kai. Wassalam.