Mai Tafinta a Gida, Ɗan Saƙo Yake Nema

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai wasu kaya da ke zaune a kusurwar ɗakin baƙi an lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙura: amfili guda da manyan lasifikoki biyu, waɗanda maigida ya saya da guminsa tun zamanin da kaset da faifan CD suke tashe. Kayan nan lafiyarsu ƙalau, muryarsu tana nan yadda take. Abincinsu ne ya ƙare. Masu sayar da kaset sun koma wata sana'a, kiɗa ya ƙaura zuwa cikin salula da intanet, har ta kai ga mutumin da ya mallaki lasifika mai tsayin yaro ɗan shekara 5 yana sauraren Mamman Shata ko Ɗan Gurmu ta ƴar kafar salula da ba ta kai farce ba.

Maganin wannan wata ƴar na'ura ce da ke janyo kiɗa daga intanet, ko daga ma'ajiyar gida, ta miƙa wa tsofaffin kayan. Kantunan Faransa suna kiranta lecteur réseau, na Ingila da Amurka kuma streamer. Iri biyu ce: akwai mai ɗauke da abin juya lambobi zuwa sauti a cikinta, akwai wadda ba ta da shi. A kan ta biyun ce ma'aikata da ƴan kasuwa suka fi ruɗewa, domin hankali yana ba mutum cewa abin da aka rage wa kaya ya kamata ya fi araha, alhali kuwa a kasuwa sau da yawa akasin haka ake tararwa. Kuskure a nan yana iya cinye albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci.

Aiki uku, ma'aikata uku

A zamanin mulkin mallaka, idan takarda ta fito daga wurin kwamanda zuwa fadar sarki, mutum uku ke aiki a kanta kafin talaka ya ji abin da ta ƙunsa: ɗan saƙo ya kawo ta, tafinta ya juya ta zuwa Hausa, mai shela ya ɗaga murya ya sanar da gari. Kiɗan zamani ma haka yake tafiya. Tun 1982, lokacin da kamfanonin Sony da Philips suka fito da faifan CD, ana auna kowace daƙiƙa ta sauti sau 44,100, a rubuta kowane awo da ƙwayoyin lissafi 16 da ake kira bit. Kunne ba ya jin lambobi, lasifika ma ba ta san su ba. Saboda haka dole a sami tafinta mai mayar da su igiyar lantarki, kuma shi ne ake rubuta sunansa da haruffa uku a jikin kwali, DAC. Na'urar janyo kiɗa ita ce ɗan saƙo, amfili shi ne mai shela.

To, na'ura maras DAC ɗan saƙo ne zalla. Ta dace da gidan da ya riga ya mallaki tafinta, ko dai a matsayin akwati mai zaman kansa, ko a cikin amfili. Ke nan aikin farko, kafin a taɓa aljihu, shi ne a juya amfili a dubi bayansa. Idan akwai ƴar kafa mai kusurwa huɗu da murfi, an rubuta optical a ƙarƙashinta, ko kafa zagayayya guda ɗaya tak an rubuta coaxial, ko kafar USB ta shigar da sauti daga kwamfuta, to akwai tafinta a ciki. Yawancin amfilin kallon fim na gida suna da irin waɗannan. Idan kuwa kafofi ja da fari kaɗai ake gani, kamar yadda yake a galibin amfilin shekarun 1980, na'ura maras DAC ba za ta fitar da ko tari ba. Kafar coaxial ta yi kama da ja da farin nan ƙwarai, amma harshensu daban: wanda ya cusa wayar lambobi a kafar sauti, shiru ko shuuu kaɗai zai ji.

Abin mamaki a farashi

Kamfanin iFi na Ingila ya fitar da Zen Stream a 2021, na'ura maras DAC, a kan dalar Amurka 399, wato sama da jika 200 na sefa tun kafin kuɗin dako da na duwan. A daidai wannan zamani WiiM Mini ta fito a kan wajen dalar Amurka 99, kimanin jika 60, kuma a ƙarshen 2022 yayarta WiiM Pro ta biyo a kan 149, abin da bai kai jika 100 ba. Su biyun nan suna da DAC a cikinsu, amma kuma suna da kafar fitar da lambobi zalla, ta yadda mai tafinta nagari a gida zai iya tsallake nasu ya yi aiki da nasa.

Dalilin wannan bambanci kowane ɗan kasuwa ya san shi. Ƙaramin DAC ɗan guntun abu ne mai arha a masana'anta, kuma na'urar da ke ɗauke da shi kowa yana iya saye, don haka ana ƙera ta da yawa, farashi ya sauko. Maras DAC kuwa ta ƴan tsirarun masu sha'awa ce, ana yin ta kaɗan, a sa mata riba mai kauri. Saboda haka wanda ya nace sai wadda aka rubuta cewa ba ta da DAC, yana iya biyan ninki biyu ko huɗu don kawai a cire masa abin da ba ya damunsa da komai. Abin dubawa shi ne ko na'urar tana da kafar lambobi da ta dace da bayan amfilinsa.

Akwai hanya ta uku ga mai haƙuri, ko mai ɗa da ya iya kwamfuta. Raspberry Pi ƴar kwamfuta ce ta Ingila mai girman tafin hannu, wadda samfurinta na 4 ya fito a 2019 a kan dalar Amurka 35. Ana sa mata manhaja irin su Volumio ko moOde a katin ajiya, ta fitar da lambobi ta USB kai tsaye, ko a ɗora mata wani ɗan allo na kamfanin HiFiBerry mai kafar optical da coaxial. Sai dai a lissafa da kuɗin gidanta, caja da kati, waɗanda kan ninka farashin, a kuma san cewa ranar da ta rikice babu kantin da za a mayar wa.

Shin tsada tana ƙara daɗin sauti?

Masu talla suna cewa ɗan saƙo mai tsada ya fi kawo kiɗa da tsabta. Gaskiyar magana, lamba 7 da aka aiko daga akwatin jika 60 ita ce lamba 7 da aka aiko daga na jika 600, muddin an bar ƙarfin sautin na'urar a cike ba a rage shi ba, a riƙa ragewa a amfili. Abu biyu ne ke iya shiga tsakani: ɗan tangal-tangal a lokacin isowar lambobin, wanda DAC na zamani kan gyara da agogonsa, da kuma ƙugin lantarki da ke bin wayar ƙarfe daga wata na'ura zuwa wata. Na biyun ya fi yawa a gidajen da ba a haɗa wayar ƙasa da kyau ba. A nan wayar optical, wadda Toshiba ta ƙirƙiro a 1983, tana da fa'ida babba: haske ne ke bi ta cikinta, don haka ƙugi ba shi da hanyar ƙetarewa. Tana ɗaukar awo 96,000 a daƙiƙa ba tare da wahala ba, alhali kunnen matashi mai lafiya ba ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, iyakar da awon CD ya riga ya rufe. Kuɗin da ya yi saura, a lasifika da gyaran ɗaki ya fi amfani.

Ran na'ura yana hannun mai manhaja

Amfilin 1990 yana aiki har yau domin ba ya neman izinin kowa. Na'urar janyo kiɗa ba haka take ba: ta dogara ga manhaja da kamfani ke sabuntawa daga nesa. Google ya fitar da Chromecast Audio a 2015 a kan dalar Amurka 35, tana da kafar optical, mutane suka yi rububinta, sai ya daina ƙera ta a watan Janairu na 2019. A watan Maris na 2025 waɗanda ke hannun mutane suka tsaya cik a duniya baki ɗaya na ƴan kwanaki, saboda wa'adin wata shaidar tsaro da ke cikinsu ya ƙare, sai da kamfanin ya aiko da gyara. Logitech ma ya daina yin Squeezebox a 2012, ya rufe ma'ajiyarsa ta intanet a 2024. Masu sha'awa ne suka ci gaba da raya ta da manhajar sa kai. Duk wanda aka yi wa tayin tsohuwar na'ura da araha a kasuwar gwanjo, ya tuna cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Haka kuma sunayen da aka jera a jikin kwali ba duka ne ke aiki a nan ba. Spotify ya buɗe wa Nijar ƙofa a 2021, kuma na'urar da ke da Spotify Connect tana janyo kiɗan da kanta, salula ta zama abin ba da umarni kawai, ta yadda kiran waya ba ya katse waƙa kamar yadda yake yi a Bluetooth. Qobuz na Faransa kuwa, wanda masu tsadar kaya ke alfahari da shi, a ƴan ƙasashe ƙalilan yake karɓar masu biya. Biyan kuɗi don tambarinsa tamkar sayen sirdi ne babu doki. Bugu da ƙari, yawancin waƙoƙin da dattijo ke ƙauna, na makaɗan fada, na ƴan kokawa da na manoma, a katin ajiya suke yawo daga hannu zuwa hannu, an kwafo su daga tsohon kaset. Mai irin wannan taska ya tabbatar na'urar tana karanta ma'ajiyar USB. Raspberry Pi da Zen Stream suna yi. WiiM Mini da WiiM Pro ba su da wannan kafa, sai dai a aiko musu da waƙoƙin daga salula ko kwamfuta ta hanyar sadarwar gida.

Intanet, kuran da zafi

Sayen na'ura sau ɗaya ne, ciyar da ita kullum ne. Sauti mai darajar CD yana cin mega 635 a awa guda idan ba a matse shi ba, wajen 350 zuwa 400 idan an matse shi da tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da komai. Mai sauraren awa 2 kowane dare zai ci sama da giga 20 a wata. A matsin kilobit 320 a daƙiƙa, awa guda mega 144 ce, wata guda bai kai giga 9 ba, kuma ga waƙar da asalinta kaset ne, ba kowane kunne zai rarrabe ba. Wanda gidansa ke da katangu masu kauri ya nemi na'ura mai kafar wayar intanet, kamar WiiM Pro ko Raspberry Pi, domin WiiM Mini da Wi-Fi kaɗai take aiki.

Batun kuran ba sai an tuna wa kowa ba. Mutanen Yamai, Maraɗi da Damagaram ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana iya lalata abin da ke rubuce a katin Raspberry Pi, dawowarta da ƙarfi kuma tana ƙone caja. Sa'ar da aka yi, yawancin ƙananan na'urorin nan da volt 5 suke aiki, irin na salula, don haka batirin ajiya na caji yana iya riƙe su. Amfili da DAC kuwa a sa musu na'urar daidaita wuta. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, kada a kulle na'ura a cikin kabad ko a ɗora ta a kan amfili mai zafi: Raspberry Pi tana rage gudunta da kanta idan cikinta ya kai digiri 80. Da hunturu kuma a mayar da murfin kafar optical duk lokacin da aka cire waya, domin ƙura tana tare haske.

A taƙaice, mai amfili da kafar optical ko coaxial, wanda Spotify da gidajen rediyon intanet suka ishe shi, ƙaramar na'ura mai kafar lambobi ta wadatar, ko da tana da DAC ɗin da ba zai taɓa amfani da shi ba. Mai tarin waƙoƙi a ma'ajiya ya nemi mai kafar USB. Mai tsohon amfili na ja da fari ya sayi mai DAC, ya huta. Ɗan kasuwar da zai yi odar kayan nan daga Dubai ko ƙasar Sin ya fara da guda ɗaya, ya gwada ta a gidansa mako guda da intanet da kuran na garinsu kafin ya cika kwali. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki sai an haɗa biyun: a ga bayan amfili da ido, a saurari waƙar da aka sani da kunne, sannan a ƙirga kuɗi. Allah ya sa a dace.