Zangon Manyan Motoci A Hanyar Kontagora: Wa Ya Kamata Ya Zaɓa?

Masana tarihi na cewa sunan Kontagora ya samo asali ne daga "kwanta gora", watau umarnin da Umaru Nagwamatse ya ba jama'arsa su sauke kayansu a wurin da ya ga ya dace da zango. Ko ma dai yaya labarin yake, garin ya gaji wannan aiki, domin nan ne babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta biyo Ilori da Jebba da Mokwa take ratsawa kafin ta nufi Yawuri da Sakkwato, nan ne kuma hanyar Tegina take ɓullowa. Da magariba ta yi, tireloli da tankoki sukan jeru a gefen kwalta, wasu ɗauke da siminti da taki za su Arewa, wasu da shanu da albasa da masara za su Kudu.

Abin mamaki shi ne, attajirin da zai kwana yana ciniki a kan kuɗin dako, ya san lambar mota da sunan direba, da wuya ya tambayi inda kayansa za su kwana. An bar wa direba da yaron mota wannan shawara, su kuwa daga kuɗin hanya ake biyan maigadi, saboda haka duk abin da ba su kashe ba nasu ne. Babu laifin direba a nan. Tsarin biyan ne ya sa gefen titi na kyauta ya fi masa riba, alhali idan asara ta zo, mai kaya da mai mota ne za su ɗauke ta.

Fataken da suka riƙa ketare Kwara zuwa Gwanja sayen goro ba su yi wannan sakaci ba. Madugu ne ke yanke inda ayari zai sauka, bayan an duba ruwa da ciyawa da amincin sarkin wurin, a kuma biya abin da aka yanka.

Abu na farko da ya kamata a duba a wannan yanki shi ne ƙasa, tudu ce ko fadama. Jihar Neja kwarin manyan koguna ce. Madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, da ta Jebba, da ta Shiroro ta 1990, duk sukan saki ruwa idan damina ta yi nisa, kuma garuruwan da ke ƙasa da su sun san abin da ke biyo baya. To, amma ba babban kogi kaɗai ake tsoro ba. Ambaliyar da ta auka wa Mokwa da asubar ranar 29 ga Mayu, 2025, ruwan sama na dare ɗaya ne ya kawo ta. Ta hallaka mutane fiye da 150, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa Arewa da Kudu maso Yamma, motoci suka yi cirko-cirko. Kafin wannan, a 2017, ruwa ya cinye gadar Tatabu a tsakanin Mokwa da Jebba. Filin da ya yi kyau da rani, shimfiɗaɗɗe kusa da rafi, mai inuwa da ruwan wanka, shi ne wanda tirela mai tan 30 za ta kafe a cikinsa a watan Agusta. Tambayar dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya bara ba ta cin ko kwabo, haka ma duba hasashen ambaliya da hukumar NIHSA take fitarwa kowace shekara.

Na biyu tsaro. Tun daga 2021, lokacin da aka sace ɗalibai a Kagara da Tegina, direbobi suka ƙara gane cewa akwai wuraren da ba a bari rana ta faɗi a cikinsu. Wannan ya sauya lissafin tafiya baki ɗaya. Zango mai kyau shi ne wanda mota za ta isa da sauran haske, ko da kuwa hakan na nufin a tsaya da la'asar a yi asarar sa'o'i uku. Katanga da ƙofa ɗaya da fitila da littafin da ake rubuta lambar kowace mota, da kusanci da ofishin 'yan sanda, sun fi yawan masu shayi muhimmanci, duk da cewa direba ba zai yarda da wannan magana nan take ba.

Akwai kuma batun maƙwabci. Tankar fetur da motar shanu da mai suya da garwashinsa bai kamata su kwana a layi ɗaya ba. Gobarar tankar da ta auku a mahaɗar Dikko a watan Janairun 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 80, ta nuna abin da mai yake yi idan ya zuba a cikin taron jama'a. Filin da bai ware wa tankoki ɓangarensu ba, a wuce shi.

Za a ce duk wannan ƙarin kuɗi ne a lokacin da man gas da taya suka riga suka cinye ribar dako. Gaskiya ne, amma a yi lissafi. Tirela mai tan 30 tana ɗaukar buhun siminti 600. Idan kuɗin kwana a fili mai katanga ya kai farashin buhu ɗaya, to an biya kashi ɗaya cikin 600 na darajar kayan ke nan, ban da darajar motar kanta. Buhu biyar da aka zare ta ƙarƙashin tamfol, ko batir da aka kwance, ko dizal da aka zuƙe, sun biya kwana da yawa. Hanyar gyara mai sauƙi ce: a cire kuɗin zango daga kuɗin hanya, a rubuta sunayen wuraren kwana a yarjejeniyar dako, direba ya kawo rasit. Kamfanonin inshora ma suna da dalilin rage kuɗi ga wanda ya bi wannan tsari.

Matsalar da ta rage ita ce, irin waɗannan filaye sun yi kaɗan a tsakanin Mokwa da Yawuri, kuma ba a zaɓi sai da abin zaɓa. Nan ne dama take ga masu jari na Kontagora. Fili a kan tudu a bakin gari, da aka zuba wa tsakuwa aka yi wa magudanar ruwa, da rijiyar burtsatse da masallaci da makewayi, da rumfunan haya ga makanikai da masu faci da masu abinci, jari ne da ba ya bukatar injin waje ko canjin dala. Abin da yake bukata shi ne yarjejeniya da ƙungiyoyin NARTO da NURTW tun kafin a aza tubali, domin su ne ke iya karkato da motoci, sai kuma ƙaramar hukuma da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa su hana kwana a kan kwalta da zarar filin ya buɗe. Idan ba a yi wannan ba, mai filin zai riƙa gasa ne da gefen titi, wanda ba ya karɓar ko sisi.