Agogon da ya lalace ba ya ihu: kada ka ɗora babbar manhajar gwaji a kan wayarka tilo

A bara na ɗora wa wayata wata babbar manhaja ta gwaji, irin wadda masu sa-kai ke haɗawa daga tushen Android suna sakinta ga duk mai son ya gwada. Kwana uku komai lafiya lau, har ina yi wa abokai kuri da sababbin abubuwan da tasu wayar ba ta da su. A rana ta huɗu caji ya ƙare. Da na kunna ta, sai na tarar tana nuna 1 ga Janairun 1970. Na kunna saitin da ke karɓo lokaci daga sabis, shiru. WhatsApp ya ce kwanan watan wayata ba daidai yake ba, ya ƙi buɗewa. Burauza ta riƙa kiran kowane shafi mai haɗari. Manhajar da ke ba ni lambar shiga imel ta ci gaba da fitar da lambobi kamar ba abin da ya faru, amma ko ɗaya ba ta shiga ba. Sai da na saita lokacin da hannu, kuma duk sa'ad da wayar ta mutu sai in sake.

Tun daga ranar ra'ayina ya tsaya a kan abu biyu. Na farko, babbar manhajar da ake kan ginawa ba ta da gurbi a wayar da kake karɓar kuɗi da ita. Na biyu, wanda yake da tsohuwar waya ko kwamfuta a ajiye, ya kamata ya gwada irin waɗannan manhajoji ya kai rahoto, domin in agogo bai lalace a hannun masu gwaji ba, a hannun kowa zai lalace.

Yadda waya ke sanin ƙarfe nawa

Lambobin nan da kake gani a saman allo, sassa huɗu ne suka haɗu suka samar da su. Akwai wani ɗan agogo a cikin kayan wayar da ke ci gaba da ƙirga ko an kashe ta. Akwai zuciyar babbar manhaja, wadda ake kira kanel, da ke karɓar ƙirgar da zarar an kunna. Android a kan kanel ɗin Linux yake zaune, shi kuwa Linux yana ƙirga daƙiƙoƙi ne daga farkon 1 ga Janairun 1970 agogon GMT. Wannan ne ya sa wayar da ta manta lokaci take komawa 1970: ƙirgarta ce ta koma sifili. Sashe na uku shi ne gyaran da ke zuwa daga kamfanin layi ko daga intanet. Na huɗu kuma wani kundi ne da ke ɗauke da bambancin agogon kowace ƙasa, wanda ya san cewa Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban GMT da sa'a ɗaya, Ghana kuma daidai take da shi. Lokacin da Sudan ta mayar da agogonta baya da sa'a ɗaya ranar 1 ga Nuwamban 2017, wannan kundin ne aka gyara, kuma na'urar da ta dogara da shi ba ta sami gyaran ba sai ta ci gaba da nuna tsohon lokaci.

A zubin gwaji, ana iya taɓa ko wanne daga cikin waɗannan sassa a kowane mako. Ɗaya ya kuskure, sauran ukun ba za su cece ka ba.

Abin da ya bambanta kuskuren agogo da sauran

In kyamara ta ƙi aiki, nan take ka sani. In allo ya daskare, ka sani. Agogo kuwa yana iya yin ƙarya yana nuna maka lambobi cikin natsuwa, alhali abubuwa da yawa sun rataya a kansa. Kowane amintaccen shafi yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In wayarka ta ce yau 1970 ne, a wajenta takardar ba ta fara aiki ba. Lambobin nan shida na manhajoji irin su Google Authenticator daga lokaci ake lissafa su, suna canzawa duk bayan daƙiƙa 30, don haka saɓanin 'yan mintoci ya isa ya rufe maka ƙofar asusunka. Ƙararrawar tashi sahur ko ta ranar jarrabawa, jerin saƙonni, kwanan watan da ke kan hoton rasit, duka daga agogon nan suke sha.

Abu na biyu, kuskuren agogo yakan kwanta ya jira ranarsa. Daren 30 ga Yunin 2012 an ƙara daƙiƙa ɗaya a kan agogon duniya, irin ƙarin da ake yi jefi-jefi don a daidaita shi da juyawar ƙasa. Wani kuskure da ya daɗe a kanel ɗin Linux ya farka a wannan daƙiƙar: ƙananan masu ƙirga lokaci na ciki suka riƙa bugawa kafin lokacinsu, manhajoji suka shiga zagaye ba tsayawa, manyan kwamfutoci suka cika da aikin banza. Reddit da Mozilla na cikin waɗanda abin ya taɓa, sannan jiragen kamfanin Qantas na Ostireliya sun yi jinkiri saboda tsarin rajistar fasinjoji da suke dogaro da shi ya sami tangarɗa. Wanda ya gwada wannan kanel ɗin na tsawon mako guda a watan Maris ba zai ga komai ba. Don haka in abokinka ya ce maka, "Ai kwanana biyar da ita, ba matsala," maganarsa ba ta zama hujja a kan agogo ba.

Abu na uku shi ya fi ban tsoro: kuskuren lokaci yana iya toshe hanyar da maganinsa zai biyo. Ubuntu 25.10, wanda ya fito a Oktoban 2025, ya maye gurbin tsofaffin ƙananan kayan aikinsa da sababbi da aka rubuta da yaren Rust. A cikinsu akwai umarnin date. Idan aka tambaye shi yaushe aka taɓa wani fayil a karo na ƙarshe, maimakon ya faɗi lokacin fayil ɗin, sai ya faɗi lokacin yanzu. Tsarin da ke duba sabuntawa da kansa kuwa da wannan amsar yake gane ko lokacin dubawa ya yi. Kullum sai ya ɗauka yanzun nan aka duba, ya koma ya kwanta. Gyara ya fito ba da daɗewa ba, amma waɗanda abin ya shafa sai da suka jawo shi da hannu, domin mai jawowar ne ya lalace.

To me ya sa ban ce a guje su gaba ɗaya ba?

Saboda labarin Ubuntu ɗin nan da kansa. Wannan zubin ya shafe wajen wata shida a matakin gini, kowa yana da damar sauke shi kyauta, amma kuskuren ya tsallake har ya shiga wanda aka saki wa jama'a. Haka aka yi a Nuwamban 2012, sa'ad da Android 4.2 ya fito ba watan Disamba a wajen zaɓar ranar haihuwa cikin manhajar lambobin mutane. Daga Nuwamba sai Janairu. Sai a 4.2.1 aka dawo da watan. Irin wannan kuskuren mutum ɗaya mai lura ya isa ya kama shi, in ya gwada kuma ya faɗa.

Amfanin zubin gwaji ke nan: wuri ne da aka ware domin abu ya fashe tun bai kai ga mutane ba. Masu gina Linux sun fahimci haka sosai. Kanel yana da wani ma'auni na ciki da ke ƙirga bugun lokaci, wanda a tsari mai bit 32 yakan cika ya koma sifili bayan kwana 49 da 'yan sa'o'i idan yana bugawa sau dubu a daƙiƙa. Maimakon su bar kuskuren da ke tattare da wannan ya ɓuya har sai na'ura ta yi kusan wata biyu a kunne, sai suka sa ma'aunin ya fara daga dab da cika, ya juya minti biyar bayan kunnawa. Duk wanda ya rubuta abin da ba ya jure wannan juyin, a teburinsa zai gani.

Debian ma ta yi irin wannan jarumtar. Tsohon ma'aunin lokaci na na'urori masu bit 32 ba ya iya ƙirga fiye da daƙiƙa 2,147,483,647, kuma wannan adadin zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Daga nan ƙirgar za ta juya ta faɗa Disamban 1901. NetBSD ta magance nata tun 2012, OpenBSD a 2014, kanel ɗin Linux ya kammala shirinsa a zubi na 5.6 a 2020. A farkon 2024 Debian ta shiga sake gina ɗaruruwan ƙunshin manhajojinta a reshenta na gwaji da ake kira sid. Masu amfani da reshen sun sha wahala na makonni: ka zo sabuntawa, tsarin ya nemi ya cire maka manhajojin da kake buƙata. Da Debian 13 ta fito a Agustan 2025, talakan mai amfani ya karɓi aikin a gyare, bai ma san an yi gumi ba. Waɗanda suka yi gumin sun san abin da suka shiga, kuma mai hankali a cikinsu bai ɗora abincinsa a kan wannan na'urar ba.

A nan ne nake ganin mun sha bamban da su. Da yawa daga cikinmu muna ɗora beta ne don kwalliya, a ga sabon allo a hannunmu kafin na kowa. In ta lalace sai mu zagi waɗanda suka haɗa ta a zauren WhatsApp, mu kai wa mai gyara ya yi mata filashin, magana ta ƙare. Mun ɗauki asarar gwaji, masu ginin kuma ba su ƙaru da komai ba. Littafin jagorar FreeBSD ya daɗe yana gargaɗin cewa reshensu na CURRENT ba gajeriyar hanyar samun sababbin abubuwa ba ce. Na masu gini ne da masu gwajin da za su kai rahoto.

Kuma rahotonmu yana da daraja ta musamman. Mai gina manhaja da ke zaune inda wuta ba ta ɗaukewa, da wuya wayarsa ta mutu murus ta kwana a haka. Da wuya ya yi kwana biyu ba data, ko ya tsallaka iyaka daga Illela zuwa Birnin Ƙonni wayarsa ta sauya layi, ko ya riƙe sim biyu na kamfanoni daban-daban. Waɗannan su ne ainihin yanayin da ke tona asirin agogo, kuma su ne rayuwarmu ta kullum. Abin da ya same ni bayan caji ya ƙare, mai yiwuwa wanda ya haɗa manhajar bai taɓa cin karo da shi ba.

In ka ce sai ka gwada

Ka nemi na'urar da in ta mutu ba za ka rasa barci ba. In Ubuntu ko Debian ko FreeBSD kake sha'awa, ka girka shi a kwamfutar kwaikwayo ta hanyar VirtualBox, babbar manhajarka ta ainihi tana nan ba a taɓa ta ba. In waya ce, kada ka saka mata manhajar banki ko ta lambobin shiga, kuma ka sani cewa komawa daga Android Beta zuwa tsayayyen zubi yakan buƙaci goge duk abin da ke cikin wayar. Ka kwashe hotunanka da lambobinka tukuna.

Sannan ka matsa wa agogon da gangan. Ka bar caji ya ƙare, ka kunna, ka duba lokaci. Ka cire sim ka kashe data na kwana guda, ka kwatanta da wata wayar. Ka sa ƙararrawa ka bar wayar ta yi dogon barci, ka ga ko za ta buga a kan kari. Ka sauya ƙasa a saitin lokaci ka dawo. Ka buɗe kalanda ka ƙirga watannin.

In ka ga kuskure, "agogo ba ya aiki" ba rahoto ba ne. Ka rubuta samfurin na'urar, lambar zubin da ka ɗora, abin da ka yi daki-daki, lokacin da ya kamata ta nuna da wanda ta nuna, da kuma ko abin yana maimaituwa. Turancinka ba sai ya yi kyau ba. Layi biyar da hoton allo sun wadatar. Kowane ɗayan waɗannan ayyuka yana da wurin karɓar rahoton kuskure, kuma a nan ya kamata ƙorafin ya sauka.

Wayar da ke aljihunka kuwa, wadda kwastoma ke kira, wadda alat ke shigowa, ka bar ta a kan tsayayyen zubi, ka bar saitin lokaci na kai-tsaye a kunne, ka riƙa karɓar sabuntawa in ta zo. Sabon allon da kake ɗoki zai iso gare ka nan da 'yan watanni, bayan wasu sun gama faɗa da agogonsa. Ni dai tsohuwar wayata mai tsagaggen gilashi ita ce ke ɗaukar gwaji yanzu, kuma tuni na aika da rahoton abin da ya same ni.