Kafin a karkata sitiyari

Matashin Ƙonni ko na Illela da ke neman permi yakan kwana da fargabar ajiye mota da baya, alhali sauya hannu ma na kayar da mutum. Ƙa'idar ba ta da wuya: a dubi madubi, a kunna sigina, a waiga kafaɗa saboda ɗan kabu-kabun da madubi ke ɓoyewa, kana a karkata. Siginar da aka kunna bayan mota ta riga ta fita, wa ta gargaɗa? Wanda kuwa ya ƙetare farin layin da bai tsinke ba, ko ya tilasta wa mai jarrabawa taka birki, ya faɗi, sai ya sake biyan kuɗi ya jira wani zama.

Wasu na cewa tsananin ya yi yawa. Ni ban yarda ba. Babbar hanya lamba 1 hannu biyu gare ta kacal, na zuwa da na dawowa. Tsakanin Tsarnawa da Malbaza, duk ɗan kasuwar da ya ƙosa da bin bayan kamiyon siminti ya fita hagu, to, ya shiga hannun motar albasar Galmi da ke tahowa da lodi.