Dandalin Fasaha: Ƙara Wa Saba Faifai Ba Danna Maɓalli Kawai Ba Ne

 Yau magana ce ta masu hayar saba a kamfanoni irin su Amazon Web Services da Google Cloud, wato kwamfutar da ke can cibiyar kamfani, ku kuma kuna sarrafa ta ta intanet. Da yawanmu a kanta muke ɗora furojet ɗin kammala karatu. Ana nan sai bayanai su cika ta, manhaja ta tsaya cak, ga ranar gabatar da aiki ta matso.

Maganin shi ne ƙara faifan ajiya na biyu, amma saye a shafin kamfani rabin aiki ne.

Da farko, ku ƙirƙiri faifan a shiyya ɗaya da sabarku, domin a Amazon faifan da ke wata shiyya ba ya haɗuwa da ita. Bayan kun haɗa, ku shiga sabar. Idan Linux ce, ku rubuta lsblk, za ku ga jerin faifai da girman kowanne. A nan ake natsuwa, saboda umarni na gaba, mkfs.ext4, yana shirya faifai ne ta hanyar share abin da ke kansa. Kuskuren harafi ɗaya a suna yana iya cinye aikin wata shida. Sabon faifai shi ne mai girman da kuka saya, wanda ba a jingina shi da kowace folda ba.

Daga nan ku buɗe folda, misali /data, ku jingina faifan da umarnin mount. Sai dai da zarar an sake kunna saba, wannan haɗin ya warware. Don ya dore, ku rubuta shi a fayil ɗin /etc/fstab da lambar UUID da blkid zai nuna muku, tunda suna irin /dev/sdb yana iya canzawa. Ku ƙara kalmar nofail don kada saba ta ƙi tashi idan faifan ya ɓace, sannan ku gwada da mount -a.

Saura batun aljihu. Ana cajin faifai bisa gigabayit duk wata, ko saba tana kashe, ko an cire shi an ajiye, kuma da dala ne. Ku fara da kaɗan, kamar gigabayit 20, domin ana iya ƙara girmansa daga baya amma ba a rage shi. Idan an gama furojet, ku kwashe bayananku ku goge faifan.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.