Ƙudan Tsando A Kurmin Gurara

Makon jiya na sauka Jere, na bi wani makiyayi zuwa kurmin bakin kogin Gurara. Can ya nuna mini ƙudan tsando a jikin reshe, ya haɗe fikafikansa kamar almakashi. Shi ne mai sa wa shanu sammore.

Abin mamaki, mai karatu, macen ba ta zuba ƙwai kamar sauran ƙudaje. Tsutsa guda tak take haifa, kusan kowane kwana 10. Ƙarancin haihuwar nan kuwa shi ne lagonsu, don tarkon ƙyalle shuɗi da baƙi, in an kafa shi a mashaya, yakan rage su ƙwarai. Amma makiyayin nan bai taɓa ganin tarkon ba. Allura kurum yake saye, ga tsada.