Zare: Kun haddace pizzar Napoli, amma kuna jin kunyar hoce

1/ Jiya a ɗakinmu na makaranta wani abokina ya kunna mana bidiyon wani Bature da ke zaga Italiya gari-gari yana cin abinci. Kowa sai "kai, waɗannan sun iya rayuwa!" Da na ce gobe zan kawo mana hoce daga gida, sai aka fashe da dariya. Wai abincin ƙauye. To ku zauna, yau sai na faɗi.

2/ Pizzar da kuke yi wa kirari, asalinta abincin talakawan Napoli ne, a bakin titi ake sayar da ita. 'Yan garin ba su ji kunyarta ba, suka riƙe abinsu, har UNESCO ta sa sana'ar masu gasa ta cikin kayan gadon duniya a 2017.

3/ Cukunsu Parmigiano Reggiano kuwa, doka ta hana ka kira naka da wannan suna sai an yi shi a yankinsa, su Parma da Reggio Emilia da Modena, kuma ya kwana aƙalla wata 12. Hatta giyarsu, wadda mu haramun ce gare mu, da sunan yanki ake kiranta, kamar Chianti. Ko'ina sunan garin manomi na manne da abin da ya noma.

4/ A 1986 da za a buɗe McDonald's a tsakiyar Roma, mutane suka fito suka yi zanga-zanga. Daga nan Carlo Petrini ya assasa tafiyar Slow Food don kare girkin gida. Mu fa? An buɗe shagon shawarma, mun yi layi muna ɗaukar hoto.

5/ Ni ban ce kar a ci shawarma ko Indomie ba, ni ma ina ci. Abin da ke ƙona min rai shi ne raini. Jihar da take kirarin noma ne abin alfaharinta, amma ɗanta na jin nauyin a gan shi da hoce ko kwaɗon rama a hannu. Dawar ma a gonar babansa aka noma ta.

6/ Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Funtua ya san yadda tsayawa a Tsafe take: mota na tsayawa, masu talla sun kewaye ta, ga fura da nono, ga tsire, ga dafaffen ƙwai. Haka ta Bungudu in ka nufi Sakkwato. Wannan fa shi ne abin da Baturen can ke biyan kuɗin jirgi ya je nema.

7/ Yanzu direba ba ya son tsayawa, kowa so yake ya wuce kafin la'asar saboda 'yan bindiga. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe a jihar. Bafulatanar da ke kawo nono da manomin da aka kora daga gonarsa, su ne suka fara shan wuya. In mai dawa bai noma ba, wa zai toya hocen?

8/ Wani zai ce, ana fama da tsaro kai kana maganar abinci? Ai maganar ɗaya ce, ɗan'uwa. Matar da ke sayar da fura a tasha da kuɗin take ciyar da marayu. Tsoro ya rage mata masu saye, mu kuma da rainimmu muna ƙarasa ta.

9/ Roƙona kaɗan ne. Hutun nan ka zauna kusa da Inna ko kakarka, ka ɗauki bidiyon yadda take haɗa hoce, ka rubuta sunan garinku a kai. Ka saya a wajen mai tallar unguwarku, kuma kar ka tsaya ciniki kan naira hamsin alhali ba ka taɓa neman ragi a shagon shawarma ba.

10/ 'Yan Gusau, Tsafe, Bungudu, wane abinci aka san garinku da shi? Ku ajiye min a ƙasa, da sunan unguwar da aka fi iya shi. Ni dai gobe hocen nan sai ya shigo ɗaki, mai dariya ya yi ta yi. Allah ya ba mu zaman lafiya.